Ina son karanta harkar noma ta duniya a digirin farko: ta ina zan fara?

Matashi_daga_Gezawa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala sakandare bana, ina da kiredit a Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da ilmin noma, fiziks ne kawai na samu fas. Abin da nake so in karanta shi ne noma, amma ba na so karatuna ya tsaya a bakin kunya kawai. Ina so in gane dalilin da ya sa yaƙi a Yukiren ke tada farashin buhun taki a ƙauyenmu, da kuma abin da ke hana waken da muke nomawa shiga kasuwannin Turai. Na ga jami'o'in waje suna da kwas da suke kira noman ƙasa da ƙasa ko noman duniya. Shin akwai irinsa a Najeriya? Me ake koyarwa a cikinsa? In mutum ya gama wane aiki yake yi? Kuma ku ba ni shawara tsakani da Allah: in dage sai na fita waje, ko in nemi gurbi a gida?

Malamin_Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta yi kyau, sai dai kada sunan kwas ya ruɗe ka. Abin da jami'o'in waje ke kira noman duniya haɗin abu uku ne: kimiyyar shuka da ƙasa da dabba, sai tattalin arziki da kasuwancin amfanin gona tsakanin ƙasashe, sai nazarin jama'ar karkara da manufofin gwamnati. Duk ukun nan suna cikin digirin B.Agric da ake yi a nan gida, illa dai an raba su sashe-sashe kuma ba a liƙa musu kalmar duniya ba.

B.Agric shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB. A jarrabawar za ka ɗauki Turanci, kemistiri, bayoloji ko ilmin noma, sai fiziks ko lissafi. Maganar fas ɗinka a fiziks kuwa, ƙa'idar ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ka buɗe kundin JAMB na bana ka karanta sharaɗin kowace ɗaya kafin ka cika fom. Kada ka dogara da abin da mai shagon intanet ya faɗa maka. In har kana da hali, ka sake zama ka gyara fiziks ɗin, ya fi maka kwanciyar hankali.

Shekarar farko kusan duk kimiyyar tushe ce, kuma a nan yara da yawa ke yin sake, suna cewa ai ba noma ba ne. To makin aji ɗaya shi ke ɗaure ƙafar mutum har ya fita. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Mafi yawan tallafin karatun digiri na biyu a waje ba sa duban wanda ya gaza 3.50, kuma wanda ya faɗo 2.5 a aji ɗaya zai sha wahala sosai kafin ya hauro. Aji biyu da uku ne ake shiga ilmin ƙasa, tsirrai, ƙwari da cututtuka, kiwo, gadon halitta, tattalin arzikin gona da ƙididdiga. Aji huɗu shekarar aikin gona ce, a ba ka fili ka huɗa, ka shuka, ka yi noma, ka girbe, ka kuma zaga kaji, shanu, kifi da bita. Aji biyar ka zaɓi fanni ka rubuta furojet.

Shekarar gonar nan ita nake so ka riƙe da hannu biyu, domin wanda bai iya lissafin hekta ɗaya ba, ba shi da abin faɗa a kan hekta miliyan. Ga irin abin da ya kamata ka iya ba tare da duba littafi ba. A ce an ba da shawarar a sa wa masara kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowanne, saboda haka buhu 8 zai ba ka 60-60-60. Saura kilo 60 na naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin 100 ce, buhu ɗaya kilo 23 ke nan, ka ga kana buƙatar buhu biyu da ɗan fiye da rabi. In kuwa 20-10-10 ka samu a kasuwa, buhu 12 shi kaɗai ya cika lissafin. Kamfa ana sa ta da wuri, cikin mako biyun farko, yuriya kuma wajen mako na biyar zuwa na shida, a tona ɗan rami gefen shuka a binne. Wanda ya watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka, wani kaso mai yawa zai bi iska, kuɗinsa ya tafi a banza. Tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin shuka, ƙwaya ɗaya a rami, tana ba da tsiro 53,333 a hekta. Kuskuren da ya fi yawa a rahoton ɗalibai shi ne su rubuta wannan adadi alhali ba su taɓa ƙirga abin da ya tsira a filin ba.

Sai awon amfani. Fegi mai kunya 4, tsawon mita 5, ba a girbe shi duka. Kunya biyun tsakiya ake ɗauka, domin na gefe suna samun rana da taki fiye da rabonsu. Kunya biyun nan murabba'in mita 7.5 ne. In ka samu kilo 3 na tsaba, tan 4 ke nan a hekta. Amma in danshin tsabar kashi 20 ne, sai ka mai da shi 14: ka ninka 4,000 da 80 ka raba da 86, ya koma kilo 3,721. Wanda bai gyara danshi ba ruwa yake aunawa, kuma duk kwatancen da zai yi da wata ƙasa ya rushe tun daga nan.

Ta fuskar wurin karatu, ka duba jami'ar da ke maƙwabtaka da cibiyar bincike. A Samaru, tsangayar noma ta Jami'ar Ahmadu Bello tana tare da IAR, cibiyar binciken noma, inda irin SAMMAZ, SAMPEA, SAMNUT da SAMSORG suka fito, ga NAERLS ta wayar da kan manoma, ga NAPRI ta dabbobi a Shika. A Kano, Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa, kuma IITA da ICRISAT duk suna da ofis a garin. IITA da ICRISAT ɗin nan suna cikin CGIAR, rukunin cibiyoyin binciken noma na duniya, tare da CIMMYT ta Meziko da IRRI ta Filifin. Ɗalibin da ya samu yin aikin hutu a filin gwajinsu, ko da ƙirga tsiro ne da auna tsayin kara, ya riga ya sa ƙafa cikin noman duniya yana zaune a Kano.

Hajiya_Mai_Riɗi ta amsa:

Malam ya gama magana a kan gona, ni bari in ɗauko daga bakin sito zuwa bakin teku, tunda ɗana ka tambayi zancen wake.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne sinadarin dikulobos, wanda ke cikin maganin da muke kira fiya-fiya, da ake zuba wa wake a ajiya don kada ya yi ƙwari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo guda, kayan da aka kama sun wuce haka nesa ba kusa ba. Ka lura, matsalar ba daga gona take ba, daga sito take. Kuma maganinta ba mai tsada ba ne: buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Kamaru. A busar da wake sosai, a fece shi, a hura kowace leda a tabbatar ba huji, a cika, a matse iska, a ɗaure kowane ɗaya daban da igiyarsa. Ƙwarin su cinye ɗan iskar da ta rage su mutu. Inda ake samun matsala guda uku ne: a zuba wake da sauran danshi, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum, ko a jingina buhun a ƙasa ɓera ya huda. Ɗalibin da zai iya bayyana wannan ga ɗan kasuwa a Dawanau da Hausa, ya kuma rubuta wa mai saye a Holan rahotonsa da Turanci, shi ake nema.

Gyaɗa kuma gubar afulatoksin ce ke tare ta. Wata fumfuna ce ke haifar da ita, tana samun ƙofa idan fari ya kama gyaɗa gab da nuna, ko fartanya ta fasa kwanso wajen cira, ko aka shanya a kan tsurar ƙasa raɓa na sauka. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye in jimillar gubar ta wuce maikirogiram 4 a kilo, Amurka kuma 20. Gubar ba ta bazuwa daidai cikin kaya, ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawa, shi ya sa wanda ya ɗebi samfur daga bakin buhu ɗaya ya kai gwaji yaudarar kansa yake yi. Sai an soki buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa a niƙe, sannan a ɗibi na gwaji. Akwai Aflasafe na IITA, maganin rage gubar tun daga gona, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure. Duk wannan a darasin adana amfanin gona da na cututtukan shuka ake koyon sa, darussan da yara ke rainawa.

Abu na biyu, ka koyi ma'auni, domin a nan ake jin kunya. Farashin masara a kasuwar Chicago da bushel ake faɗin sa. Bushel ɗin masara kilo 25.4 ne, na alkama da waken suya 27.2. Misali in an ce dala 4.50, ka ninka da 39.4, yawan bushel ɗin masara a tan, tan ɗaya ya kama wajen dala 177. Wannan farashin can ne. Kafin ka kwatanta shi da na Dawanau sai ka ɗora kuɗin jirgin ruwa, inshora, harajin kwastan, kuɗin tashar ruwa, da motar da za ta ɗauko daga Legas zuwa Kano, sannan ka juya da canjin dala na ranar. Haka shinkafa: alƙaluman noma galibi na shanshera ne, na ciniki kuma na gyararriya, kuma tan ɗaya na shanshera ba ya ba da fiye da wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya haɗa su wuri guda zai ce ƙasa ta ƙoshi alhali da saura.

Tambayarka ta taki ma a nan amsarta take. Yuriya daga iskar gas ake yin ta, kuma ana yin ta a gida, a Lekki da Eleme, amma farashinta yana bin na duniya tunda masana'antar na iya sayarwa waje. Fosfet mafi yawan ajiyarsa a duniya yana Maroko. Fotash kuwa Kanada, Rasha da Belarus ne manyan masu shi. Da yaƙi ya ɓarke a 2022, gas ya tashi, fotash ya yi wuyar fitowa, sai buhun kamfa ya ji a jikinsa. Haka a Yulin 2023 da Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, alhali ita ke da wajen kashi 40 cikin 100 na cinikin shinkafar duniya.

Aiki akwai shi: kamfanonin fitar da riɗi, zoɓo, citta da waken suya suna buƙatar mai kula da inganci, wanda ya san takardar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar killace kayan gona, da rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ya san ƙa'idojin Codex na ingancin abinci a duniya. Kamfanonin iri da na taki da masu niƙa suna buƙatar mai tsara manoman kwangila. Sai dai ba wanda zai ɗauke ka don sunan digirinka. Za a miƙa maka na'urar auna danshi ne a ce bismilla.

Yaya_Injiniya ya amsa:

Ina tare da Malam a mafi yawan abin da ya faɗa, amma ban yarda a ce duk ɗaya ba ne. Akwai abin da kwas ɗin waje ke bayarwa wanda namu bai cika bayarwa ba, gara a faɗa wa yaro gaskiya ya zaɓa da idonsa buɗe.

A Amurka, Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tana da digirin raya noma na ƙasa da ƙasa, Jami'ar Jihar Iowa kuma tana da wani a kan albarkatun duniya, inda ɗalibi ke zaɓar yanki guda na duniya da fannin fasaha guda, ya koyi harshe, ya je can ya yi aikin sanin makama. Shekara 4 ne. A Kosta Rika akwai Jami'ar EARTH, ita ma shekara 4, noman ƙasashe masu zafi zalla, da Sifaniyanci ake koyarwa, ɗalibai na kafa ƙaramar sana'ar gona a rukuni tun suna makaranta, kuma gidauniyar Mastercard ta ɗauki nauyin 'yan Afirka da dama a can. A Holan akwai Wageningen, wadda ta yi suna a duniya a wannan fanni. Abin da suka fi mu shi ne kayan ɗakin gwaji da ɗalibi zai taɓa da hannunsa, ɗakin karatu mai buɗaɗɗun mujallun bincike, jadawalin da ba ya tsayawa, da zama aji ɗaya da ɗan Biyetnam da ɗan Gwatamala kowa na faɗin yadda ake yi a garinsu.

To amma ga inda ake faɗawa rami. Na farko, takardar WAEC ita kaɗai galibi ba ta isa shiga jami'ar Ingila, Holan ko Jamus kai tsaye ba, sai an yi shekarar share fage ko an kawo wata shaida a kai, kuma wannan ƙarin kuɗi ne. A Jamus ma digirin farko na noma yawanci da Jamusanci ne, na biyu ne ake samu da Turanci, kamar a Hohenheim. Na biyu, cikakken tallafi a digirin farko kaɗan ne ƙwarai, a digiri na biyu ya fi yawa: Commonwealth, DAAD, Erasmus Mundus. Tallafin da ya biya rabin kuɗin makaranta ya bar maka masauki, abinci da inshorar lafiya, da canjin Naira na yanzu ba tallafi ba ne ga ɗan talaka, kada a sayar da gonar gado a kansa. Na uku, duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi da biza, ka guje shi, ana neman gurbi ne a shafin jami'ar da kanta. Na huɗu, ka tabbata jami'ar tana da amincewar hukuma a ƙasarta, domin in ka dawo sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarka kafin ka yi bautar ƙasa.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi ilmin kansa. Wasu kwasa-kwasan masu sunan duniya sun yi faɗi ba zurfi: ɗan tattalin arziki, ɗan ilmin ƙasa, ɗan siyasa, mutum ya fito ya iya magana a taro amma bai iya tsara gwaji ko auna fili ba. Kafin ka nema, ka sauke jerin darussan ka ƙirga. In babu aƙalla darasi biyu na ƙididdiga, da ilmin ƙasa mai aikin ɗakin gwaji, da wata uku ko fiye a gona ko kamfani, ka wuce. Sannan abin da aka koya a ƙasar sanyi ba ya sauka nan yadda yake. Irin waken suya na Iowa in ka kawo shi Kano zai yi fure da wuri ya tsaya gajere, domin tsawon yini ya bambanta. Alkamar hunturunsu sai ta sha sanyi mai tsanani kafin ta fitar da kai, tamu kuwa a Kadawa ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta cika ido kafin zafin Maris. Ko Barazil da ake yawan kawo misali da ita, ƙasar Cerrado mai tsami ce, da farar ƙasa da fosfet da binciken Embrapa tun 1973 aka gyara ta. Jigawar Gumel ba tsami ne babbar damuwarta ba, rashin taki da rashin riƙe ruwa ne.

Ra'ayina: in ka samu cikakken tallafi, ka tafi, kada ka yi wata-wata. In ba haka ba, ka yi B.Agric a gida da maki mai kyau, ka fita a digiri na biyu.

Ɗan_Maraɗi ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Abu guda ban ga an taɓo ba, shi ne ƙasar waje mafi kusa da Gezawa ba Holan ba ce, Nijar ce, kuma harshen da zai buɗe maka aikin yankin nan Faransanci ne. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, a nan ake horar da masu hasashen damina da sa ido kan fara da ƙarancin abinci na ƙasashen Sahel. Babban filin gwajin ICRISAT na yankin Sahel yana Sadore, kudu da Yamai. Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi duk suna da tsangayar noma, digirin farko shekara 3. Matashin da ke jin Hausa, Turanci da Faransanci yana iya aiki daga Dakar har Injamena.

Kuma kada ka ɗauka ilmin noman duniya daga can kawai yake zuwa nan. Sassaben zamani, wato barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gona a riƙa yi musu aski maimakon a ƙone su, a jihar Maraɗi ya kafu a shekarun 1980, ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar, yanzu kuma ana koyar da shi a jami'o'in Turai. Haka tassa da rabin-wata na tare ruwa a fako. Haka sa taki ɗan kaɗan a gindin gero: giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP a kowane rami. A rami 10,000 kilo 60 ke nan na kamfa a hekta. Sharaɗinsa ƙasa ta jiƙa, kuma kada takin ya taɓa irin, in ba haka ba ya ƙone tsiron. Sannan ana haɗa shi da takin gargajiya, don shi kaɗai shekara da shekaru yana tatse ƙasa.

In kana son ganin cinikin ƙasa da ƙasa da idonka, ka je Jibiya ko Maigatari ranar kasuwa ka ga yadda wake da dabbobi ke gangarowa, masara da gero na haurawa, da yadda farashi ke juyawa in Naira ta faɗi a gaban Sefa. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kaɗai ta isa mutum ya rubuta furojet a kanta.

Matashi_daga_Gezawa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci gida zan fara. Malam, in na kai aji biyar wane fanni zan zaɓa, kuma me zan fara koya tun yanzu kafin a ba da gurbi?

Malamin_Gona ya amsa:

In lissafi da farashi ne ke jan hankalinka, kamar yadda tambayarka ta farko ta nuna, tattalin arzikin gona ne gidanka. In kuwa ka ga a shekarar gona ka fi jin daɗin fili, ka ɗauki kimiyyar amfanin gona ko kare shuka. Shi ma kare shuka fanni ne na duniya sosai: tsutsar masara da ta addabe mu daga nahiyar Amurka ta zo, a Najeriya aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, kuma a shekarar ce sharon, tsutsar tumatir wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta cinye tumatirin Kano da Kaduna. Kada ka yanke hukunci yanzu, ka bari sai ka gama aji huɗu.

Kafin nan, ka fara da Excel har ka iya tace bayanai da zana jadawali. Ka shiga FAOSTAT, shafin alƙaluman noma na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ne, ka sauke alƙaluman masara na Najeriya, Barazil da Amurka na shekara 30, ka raba yawan amfani da faɗin fili da kanka. Za ka ga Amurka tana samun wajen tan 11 a hekta, mu kuma muna kewayen tan 2, sannan ka duba ko ƙaruwar da muke samu daga ƙarin fili take ko daga ƙarin albarka. Daga aji biyu ka kama R don ƙididdiga, da QGIS don taswira, da KoboToolbox don tattara bayanai ta waya. Taswirar nan kada ka raina ta, domin dokar da Turai ta zartar a 2023 kan sare daji tana neman a nuna ainihin wurin gonar da koko ko waken suya ya fito.

In lokacin furojet ya zo, abu biyu ke kashe shi. A gwajin fili, ƙarancin maimaici: nau'i 4 da aka maimaita kowanne sau 3 yana bar maka 6 kacal a ma'aunin kuskure na ƙididdiga, ba zai nuna bambanci ba sai in ya yi girma sosai, amma nau'i 5 sau 4 yana ba da 12. Ka jera rukunan gwajin suna gicciye gangaren filin, ka raba nau'ukan da ƙuri'a a cikin kowane rukuni, ka kuma ɗebi ƙasa kafin shuka: wuri 15 zuwa 20 a karkace, zurfin santimita 20, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya mai milimita 2. A binciken tambayoyi kuwa, ma'auni ne. Manomi zai ce maka ya samu dami 40 a gona ɗaya. Damin wani gari ba na wani ba ne, tiya ma haka, buhun da ake kira na kilo 100 sau da yawa ya wuce ko ya gaza. Ka tafi da sikeli ka auna dami biyar a kowane ƙauye, ka sussuka ka auna tsabar, ka kuma zagaya gonar da GPS na wayarka, domin masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi. Ka fara da gaida mai gari, ka nemi izinin kowane manomi kafin ka rubuta amsarsa, kuma in akwai tambayoyin mata, ka nemi abokiyar karatu ta shiga cikin gida ta yi su.